Kalmar "Perch" a Turanci: Ma'anarta, Yawonta, da Batun Daidaita Ta da Giwan Ruwa

Masu nazarin harshe sun daɗe da sanin cewa sunayen itatuwa da na dabbobi sun fi kowane irin suna wuyar fassara, sunayen kifaye kuwa su ne suka fi wuya a cikinsu. Dalili a fili ya ke. Kifi ba ya barin ruwansa, amma mutane su kan bar ƙasarsu su tafi da harshensu, in sun sauka a bakin wani kogi sai su ɗora wa abin da suka kamo sunan da suka zo da shi daga gida. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun kalma guda ta Turanci, watau perch, a ga abin da ta ke nufi a Ingila, da abin da ta koma nufi a sauran ƙasashen da a ke jin Turanci. Sa'an nan a auna wata al'ada da ta zauna daram a azuzuwanmu, inda malami ya kan rubuta a allo cewa perch shi ne giwan ruwa, ya wuce. Ra'ayina shi ne wannan daidaitawa tana da madafa in an fito daga Hausa za a shiga Turanci, amma in an juyo daga Turanci za a shiga Hausa ba ta da ita.

Da farko sai a raba kalmomi biyu da suka yi tarayya a rubutu da lafazi. Akwai perch mai nufin sandan da tsuntsu ke sauka a kai, wadda kuma a dā a ke kiran wani ma'aunin ƙasa mai tsawon yadi 5 da rabi da ita. Wannan daga kalmar Latin pertica ta fito, watau sanda, ba ruwanmu da ita a nan. Ta biyu, sunan kifin, ta shigo Turanci wajen shekarar 1300 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin perca, Latin kuwa ya aro ta daga Helenanci. Masanan asalin kalmomi suna danganta ta da wata kalmar Helenanci mai nufin abu mai duhu ko mai dabbare-dabbare. Ke nan tun asali launin jikin kifin aka duba aka sa masa suna.

Abin lura a nan shi ne Ingilishi ba su rasa sunan wannan kifi ba kafin kalmar Faransanci ta zo. Suna da tasu, wadda a ke rubutawa baers a tsohon Turanci, 'yar'uwar Barsch ta Jamusanci da baars ta mutanen Holan, waɗanda har yau su ke kiran wannan kifi da su. Bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na teburin manya, kalmomin abinci da yawa suka shigo ta wannan ƙofa, har baƙuwar kalma ta ture 'yar gida. 'Yar gidan ba ta mutu ba. Ta wanzu a karin harshen arewacin Ingila da siffar barse, a wani gefen kuma harafin r ya faɗi ta zama bass, ta bar kogi ta koma kan wani kifin teku dabam. Daga nan ta ƙetara Amurka aka sake ɗora ta kan wasu kifayen tafki da ba su da dangantaka ta kusa da na farkon. Ashe tun kafin Turanci ya bar tsibirinsa sunayen nan sun fara sauya masauki.

To, mene ne perch a bakin mutumin Ingila? Kifi ɗaya ne tak, wanda Linnaeus ya sa wa suna Perca fluviatilis a 1758. Ɗan kifi ne na ruwan daɗi, jikinsa kore-kore da ratsin baƙi biyar zuwa tara a tsaye, fikafikansa na ƙasa ja, yana da fiffiken baya biyu, na gaba mai ƙayoyi masu tsini, ɓawonsa kuma da kaushi. Yawancin waɗanda a ke kamawa ba su wuce santimita 20 zuwa 30 ba. Wanda ya kai kilo 2 abin ba da labari ne, mafi girman da aka rubuta an kama da ƙugiya a Ingila kuwa bai cika kilo 3 ba. Shi ne kifin da yara da yawa a can su ke fara kamawa a kududdufi ko a magudanar jiragen ruwa, kuma Izaak Walton ya ba shi babi a littafinsa The Compleat Angler na 1653. Duk inda mai karatu ya ci karo da kalmar a cikin labari ko waƙa ta Ingila, ba tare da wata kalma a gabanta ba, wannan ɗan kifi a ke nufi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe girman nan a zuciyarsa, gama za mu bukace shi nan gaba.

Da Turawa suka sauka a arewacin Amurka sai suka yi sa'a, suka tarar da ɗan'uwansa na jini, Perca flavescens, wanda bai bambanta da na gida ba sai da ɗan rawaya-rawaya. Suka kira shi yellow perch. A jihohin da ke kewaye da manyan tafkunan nan biyar, musamman Tafkin Erie da Tafkin Michigan, in an ce perch shi a ke nufi, shi ne kuma a kan soya a gidajen abinci na jihar Wisconsin ran Jumma'a, al'adar da ta samo tushe daga Katolika masu ƙaurace wa nama a wannan rana. Har a nan kalmar ba ta yi nisa da gida ba. Jinsi uku kaɗai ke cikin zuriyar Perca a duniya: na Turai, da wannan na Amurka, da wani na Tafkin Balkhash a tsakiyar Asiya. Duk wani kifin da za mu ambata daga nan aron sunan ya yi.

Masu aron kuwa suna da yawa. A bakin tekun gabas, wajen mashigin Chesapeake, akwai white perch, watau Morone americana, wanda a wajen masana dangin bass ne. Wanda ya bar can ya gangara Luwiziyana ya nemi white perch, wani kifi dabam za a miƙo masa, mai faɗin jiki, wanda sauran Amurkawa ke kira crappie, masu jin Faransanci na jihar kuma su ce sac-a-lait. A wasu wurare na kwarin Misisipi da Ohayo an san wani kifi na uku da wannan suna, shi kuwa dangin kifayen nan ne masu gurnani. A Tekzas da maƙwabtanta, in yaro ya ce ya kamo perch, galibi ƙananan kifayen nan masu kewayayyen jiki na zuriyar Lepomis ya ke nufi, waɗanda a Jojiya da Alabama a ke kira bream, a kuma furta shi "brim", alhali bream na Ingila wani kifi ne can dabam. A bakin tekun Kalifoniya akwai surfperch, wanda ba ya ma saka ƙwai, 'ya'ya ya ke haifa da ransu. Ƙasa ɗaya ke nan, harshe ɗaya, amma sai an tambayi mai magana garinsu kafin a san abin da ke cikin kwandonsa.

Waɗannan duka sauyin bakin talakawa ne, ba wanda ya zauna ya shirya su. Akwai kuma sauyin da 'yan kasuwa suka ƙaga da gangan, wanda a ganina ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa suna dukiya ne. A tekun Atlantika ta arewa akwai wani jan kifi na zuriyar Sebastes, mazaunin zurfi, wanda masuntan New England suka daɗe suna zubarwa in ya shigo komarsu. A shekarun 1930, da sana'ar yanka kifi sala-sala a daskarar da shi a ƙanƙara ta kafu, sai aka lura cewa tsokarsa ta yi kama da ta yellow perch, wanda mutanen tsakiyar ƙasar ke so. Aka raɗa masa suna ocean perch, ya sami kasuwa ƙwarai, har yau kuwa da wannan suna a ke sayar da shi. Ba siffarsa aka duba ba, ba danginsa aka duba ba, abin da mai saye ya saba da shi aka duba. Irin wannan ne ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ke riƙe da jerin sunayen da aka yarda a sayar da kowane kifi da su.

A Ostareliya al'amarin ya juye sarai. An kai ainihin perch na Turai can a shekarun 1860, ya yaɗu har ya zama annoba ga kifayen ƙasar, amma mutane ba su cika kiransa perch kurum ba, sai redfin, saboda jan fiffikensa, ko kuwa English perch. Sunan ya riga ya tafi ga 'yan ƙasa: golden perch da silver perch na kogunan Murray da Darling, da wasunsu. Mai suna ya zo ya tarar an raba gadonsa, dole shi ne ya nemi laƙabi. A Indiya kuma akwai climbing perch, Anabas testudineus, mai iya shaƙar iska ya ja jiki a tudu, wanda wani Bature ɗan ƙasar Denmark mai suna Daldorff ya bayyana a 1797, ya ce ya gan shi yana hawan itacen giginya.

Yanzu sai mu dawo ruwanmu. Giwan ruwa, Lates niloticus, ɗan asalin Kwara ne da Binuwai da Tafkin Chadi da Volta da Sanagal da Kwango da Nilu. Ya kan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya kan kusanci kilo 200. Wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya ga yadda ƙato ke fitowa daga Matan Fada yana rungume da kifin da ya wuce kilo 50, ya san abin da Bahaushe ya gani da ya kira shi giwa. A nan ma akwai ɗan abin sha'awa ga masu nahawu. Giwa tamace ce, bisa ƙa'ida giwar ruwa ya kamata a ce, wasu kuwa haka su ke rubutawa, amma abin da a ka fi ji a bakin masunta da masu sayarwa shi ne giwan ruwa. Ina zaton jinsin kalmar kifi ne ya rinjayi na giwa, da ya ke sunan ya riga ya dunƙule ya zama kalma ɗaya.

Turawa sun kira shi Nile perch, waɗanda suka yi aikin kifi a Nijeriya kuma su kan ce Niger perch. Bai kamata a ce sun yi wauta ba. Wanda ya ajiye ƙaramin giwan ruwa kusa da perch na Turai zai ga kama: ga ƙayoyi a fiffiken baya, ga ɓawo mai kaushi, ga babban baki na mai farautar 'yan'uwansa. Amma kama ba ita ce dangantaka ba. Masana sun sa giwan ruwa a wani gida dabam mai suna Latidae, binciken ƙwayoyin gado na wannan ƙarni kuma ya nuna ya fi kusa da wasu kifayen teku, irin su barakuda da shimfiɗaɗɗun kifayen nan masu ido biyu a gefe guda, bisa ga kusancinsa da Perca. Ɗan'uwansa na haƙiƙa shi ne barramundi na Ostareliya da kudancin Asiya, Lates calcarifer, wanda shi ma a kan kira giant perch.

Akwai wani abin mamaki a tarihin sunan. A bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, na 1758, Linnaeus ya ambaci wani kifi da sunan Perca nilotica, wanda in aka fassara shi kai tsaye "perch na Nilu" ke nan.   Sai a 1828 Cuvier ya ware wa giwan ruwa zuriyar Lates, ya ɗauko sunan daga latos, yadda Helenawan dā ke kiran wannan kifi a Masar, inda har garin Esna suka sa wa suna Latopolis domin mutanensa suna girmama kifin, an kuma tono gawarwakinsa da aka shafe da magani aka binne a can. 

Ba Turanci kaɗai ke da wannan hali ba. A Nijar da Chadi da Kamaru, inda Faransanci ke aiki, capitaine a ke ce wa giwan ruwa, amma a kasuwannin bakin teku na Afirka ta Yamma wannan suna na wasu kifayen gishiri ne. A gabashin Afirka kuwa, inda aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 da farkon 1960, ya yawaita a shekarun 1980 har ya yi sanadin ɓacewar jinsi kamar 200 na ƙananan kifaye dangin karfasa, masu Sawahili suna ce masa sangara, Luwo su ce mbuta. Da aka fara fitar da tsokarsa zuwa Turai sai 'yan kasuwa suka sa masa Victoria perch, Jamusawa kuma Viktoriabarsch. Tsohuwar kalmar nan da Faransanci ya kora daga Ingila, ga ta a kan kifin Afirka.

To, ina laifin al'adar da na ambata da farko? Manyan ƙamusoshinmu na farko, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, daga Hausa su ke zuwa Turanci, an kuwa rubuta su ne musamman domin mai jin Turanci da ke son sanin abin da Bahaushe ke nufi. Ga irin wannan mai karatu, a ce masa giwan ruwa shi ne Nile perch ya wadatar, gama kalmar Nile ta riga ta faɗakar da shi cewa ba kifin garinsu ba ne. Ɓarnar tana aukuwa ne sa'ad da aka juya wannan bayani baibai domin ɗalibi Bahaushe, aka kuma yar da kalmar farko don taƙaitawa. Ƙamus ba riga ba ce da za a juya cikinta waje ta zauna daidai. Ɗalibin da aka koya wa haka, in ya karanta labarin yaro ɗan Ingila da ya kamo perch shida da yamma ya zubo su a aljihun jakarsa, me zai gani a zuciyarsa? Ko dai ya ɗauka marubucin maƙaryaci ne, ko ya ɗauka yaran Turai ƙarfin aljanu gare su. In kuma littafin kimiyya na Amurka ya samu, inda a ke umurtar ɗalibi ya ɗora perch a faranti ya feɗe, gama shi ne kifin da makarantunsu suka saba koyar da halittar kifi da shi, sai ya rasa yadda giwa za ta hau faranti. Karfasa ce ke yin wannan aiki a makarantunmu.

Akwai wata ɓarna da ta fi wannan zurfi, ko da ya ke ba a cika lura da ita ba. Ɗalibai da yawa, har da wasu malamansu, sun ɗauka sunan Turanci shi ne sunan ilmi, na Hausa kuwa sunan kasuwa ne kawai. A kan wannan kifi dai akasin haka ne gaskiya. Giwan ruwa a bakin masunci kifi ɗaya ya ke nufi, ba ya ruɗa shi da tsage ko yauni ko tarwaɗa. Perch kuwa, kamar yadda muka gani, ta hau kan kifaye masu yawa daga gidaje dabam-dabam, na kogi da na teku, masu ƙwai da masu haihuwa. Wanda ya bar kalmar Hausa ya kama ta Turanci don neman daidaito ya saki reshe ya kama ganye. Daidaito na wajen sunan Latin, shi ya sa littafin Fish and Fisheries of Northern Nigeria, wanda Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967, da ire-irensa, su ke kafa bayaninsu a kan sunan Latin, sauran sunaye su biyo baya.

Wani zai ce, in mutumin Tekzas yana da ikon kiran kifin kududdufinsa perch, me zai hana ɗan Nijeriya kiran giwan ruwa da ita? Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa ƙi ta ba. Ma'anar kalma tana wajen masu amfani da ita, Turancin Nijeriya kuma yana da haƙƙin da Turancin Amurka ke da shi. In ma'aikacin gidan saukar baƙi a Yawuri ko Lakwaja ya rubuta perch a takardar abinci, ba wanda zai yi tsammanin kifin Turai. Abin da na ƙi shi ne a koyar da ma'anar wuri ɗaya kamar ita ce ma'anar ko'ina. Mutumin Tekzas ba ya rubuta jarrabawa a kan littattafan wata ƙasa da ma'anar garinsu, ɗalibanmu kuwa suna yi. Mu ma a Hausa mun san haka, gama kifin da wani ke kira karfasa wani gargaza ya sani, ba kuwa mai cewa ɗayansu ya yi kuskure, sai dai mai ƙamus ya faɗi inda a ke faɗin kowanne.

Saboda haka ga yadda na ke ganin ya kamata mai ƙamus ko malami ya bi da kalmar. Ya fara da cewa wani ɗan kifin ruwan daɗi ne na Turai da arewacin Amurka, mai ratsi a jiki da ƙaya a baya, girmansa kamar na matsakaiciyar karfasa, babu shi a ruwayenmu, ba shi kuma da suna a Hausa. Faɗin cewa abu ba shi da suna a harshenmu ba abin kunya ba ne, Turanci ma ba shi da kalma guda ta gaiwa ko minjirya, sai ya haɗa kalmomi biyu ya kwatanta. Bayan wannan ya ƙara da cewa a kan ɗora sunan a kan wasu kifaye dabam a ƙasashe dabam, galibi da wata kalma a gabansa. Sa'an nan, a layi na kansa, ya kawo Nile perch ko Niger perch, ya ce giwan ruwa. Mai fassara labari kuwa, in nau'in kifin ba shi da muhimmanci ga zancen, "'yan kifaye" ta ishe shi. In yana da muhimmanci, ya bar kalmar yadda ta ke, ya bayyana ta a gindin shafi.

Wannan gyara ba zai tsaya kan kalma ɗaya ba. Catfish tana jiran irin wannan bincike, gama ta haɗiye tarwaɗa da kurungu da minjirya da wasunsu a ciki guda, a wasu kasuwannin Ingila kuma wani kifin teku mai manyan haƙora a ke nufi da ita. Amma wannan sai an fara tattara sunayen daga bakin Sarkawa da masuntan Chadi da na Binuwai, kowane suna da garin da aka ji shi da kifin da aka nuna.